Tiyon da Ka Ɗaure da Roba

Assalamu alaikum Baba,

Da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma maganar motarka ce, kuma ba ni da wanda ya fi dacewa ya ji ta.

Inna ta fita takaba, tana son zuwa Mashi ganin danginta. Ƙanenka Baffa Sale kuwa ya ce idan motar ba ta tashi ba zuwa Juma'a, 'yan gwangwan za a kira su yanka ta. Raina ya ɓaci, wallahi. Ni da na guje wa garejinka na tafi koyarwa, ni na buɗe bonet ranar Laraba.

Na bi yadda kake yi: wuta, mai, iska. Batir na juya inji da ƙarfinsa. Na kwance fulogi, wuta shuɗiya tana tartsatsi. Sai na cire tukunyar iska, na leƙa maƙogwaron kafireto, na ja totur da hannu. Ko ɗigon mai babu. A bushe yake ƙamas. Na zuba masa fetur cikin murfin gora, na murɗa makulli, ta tashi nan take. Ashe ba ta da wani ciwo, man ne ke zurarewa ya koma tanki idan ta kwana.

Na shiga ƙarƙashinta ina bin tiyon mai da yatsa. Dab da tanki na samu inda ya tsage, an naɗe shi da robar tif ɗin taya. Baba, na gane ƙullin. Irinsa kake yi wa bakin buhun gero.

Shekara nawa kana ɗora laifin a kan man 'yan bumburutun hanyar Kwangwalam? Safiya nawa muka tura motar nan daga ƙofar gida har gangaren masallaci, kai kana ciki kana faɗa? Ta wannan ɗaurin naka take shaƙar iska. Bakanike guda, ka gyara motocin rabin Daura, taka ta fi ƙarfinka! Ban taɓa gaya maka ba, na tsani turin nan, har laɓewa nake yi a banɗaki. Ka yafe mini.

Na sa sabon tiyo. Jiya da safe, gaban Baffa, murɗa ɗaya ta tashi. Ya gyara hularsa ya wuce. Babu mai yanka ta, gobe ni zan kai Inna Mashi.

Robar tana aljihuna, ban kwance ƙullin ba. Da motar ta tashi na juyo ina dariya don in tsokane ka, sai na ga bencinka babu kowa. Da za ka dawo ka zauna a gaban sitiyari, da na tura ka har Mashi ban yi gunaguni ba.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka mai gudun turi,
Hamisu