Sunan Mak a Ganyen Ayaba

Litinin, 8 ga Yuli

Mak, mahaifiyata, ta dawo daga ajin yaƙi da jahilci ko sallama babu. Wai Pak Darmo, dagacinmu, ya ce daga watan gobe babu kuɗin malama, babu na alli, ƙofar gari za a yi wa fenti saboda bikin 'yancin kai. Na ce to sai me? Mace ta doshi saba'in, carbi ya dace da hannunta, ba fensir ba. Ta ce, "Hannun da ya dasa shinkafar da kika yi makaranta da ita, shi za ki gaya wa abin da ya dace da shi?" A gaban Retno fa! Ta yaya zan tarbiyyantar da 'yata idan kakarta ce ke koya mata tsiwa?

Laraba, 10 ga Yuli

Tsofaffin ajin sun cika mini baranda, har da Mbah Poniyem, uwar dagacin kansa. Wai sai an ji su a taron gari na ranar Talata, inda ake raba kuɗin shekara. Na tuna musu cewa a taron gari maza ne a zaure, mu muna kicin, ni ce ma shugabar girki. Mace mai mutunci ba ta ɗaga murya a gaban maza. Mbah Poniyem ta ce, "Kwantar da hankalinki, Yati, da wane haƙorin za mu yi ihu?" Suka bushe da dariya. Ban gane abin dariyar ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Retno (Ibu take kirana, wato Mama): "Ibu, kullum kina cewa neman ilimi daga zanin goyo ne har kabari. To kakata ta isa kabarin ne?" Na tura ta wanke-wanke. 

Talata, 16 ga Yuli

Kaina na ciwo, amma bari in rubuta.

Tun safe muna naɗe lemper, shinkafa mai danƙo da naman kaza a ganyen ayaba. Tsofaffin nan shiru, da ma na san shirunsu ba alheri ba ne. Na je duba shayi na dawo, sai na ga kowane ƙunshi da zane a bayansa. Da tsinken soke ganye kowacce ta karce sunanta! Abincin da za a kai gaban manya! Na ce wannan ƙazanta ce da rashin kunya, na zauna ina kwancewa ina sake ganye. Ba wadda ta hana ni. Kallona kawai suke.

Na gama faranti guda, na ɗauki na gaba. TUKINEM. Harafin N ya juya baya, M ɗin kamar tsohuwa ta zame a gona. Tunda nake ban taɓa ganin sunan Mak daga hannunta ba. Ranar da aka sa ni sakandare babban yatsa ta dangwala, ta ɓoye hannun a zani har muka zo gida.

Sai na ji bakina ya ce, "Ganye ya ƙare, a kai haka." Ga ganye nan tuli a bayan murhu. Ƙarya, ni, da ke dukan Retno a kan ƙarya!

Aka raba. Maza suka shiga jujjuya ƙunshi. Wannan ya ga sunan matarsa, wancan na gwaggonsa. Pak Darmo ya ɗaga nasa ya ce, "Wa ya yi wannan?" Daga ƙofar kicin Mbah Poniyem ta ce, "Ni ce, Darmo. Ci, ba guba. Naka sunan nake shirin koya, sai ka rufe ajin. Shi ke nan, zan riƙa zama gindin ƙofar gari ina karanta fenti." Wasu suka ƙyalƙyale, wasu suka sunkuyar da kai. Shi dai bai ci ba, a aljihu ya sa.

Rashin ladabi ne. Na tabbata rashin ladabi ne. To me ya kawo mini hawaye? Hayaƙi, ina jin.

Laraba, 17 ga Yuli

An mayar da kuɗin alli da littattafai, an bar musu ɗakin. Kuɗin malama kuwa "za a duba". Mak ta ce nasara ce, baban Retno ya ce an yi musu wayo. Wanne ne? Matar dagaci ta ƙi amsa gaisuwata a kasuwa, wai ni na shirya komai. Ni!

Asabar, 27 ga Yuli

Malama Lastri, malamar ajin, ta tafi birni aikin masaƙa. Ba laifinta, "za a duba" ba ya cika tukunya.

Litinin, 5 ga Agusta

Gwiwar Mak ce ta tashi, shi ya sa na raka ta ajin, ba wani abu ba. Na tarar da su sun zauna jere suna kallon allo babu kowa a gabansa. Mbah Poniyem na fama da D, ta juya masa ciki hagu. Ni kuwa ba na iya ganin kuskure in yi shiru, kowa ya san halina. Kafin in farga an kira magariba, alli har a hijabina. Mak ta ɗaga yatsa wai "Malama". Na ce ta daina, ba kyau uwa ta yi wa 'yarta ba'a. Ba ta yi dariya ba.

Ranar Alhamis za su ofishin gunduma neman kuɗin malama. Ba ni zuwa, na faɗa musu. Na goge zanena na batik mai ruwan ƙasa ne kawai don ya yamutse.

Ganyen Mak da na ɓoye ranar taro na cikin ambulan ɗin takardar sakandarena. Ban sami inda zan yar ba. N ɗin nan nata kuma, ban gyara mata ba tukuna.