Idon Mai Gira

Litinin, 6 ga Oktoba

Na faɗi jarrabawar baki. Ni, da na san yadda ake tace ruwan kogi tun daga yashi har bakin famfo.

Shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Mai Gira muke ce masa a ɓoye, saboda girarsa kamar tsintsiya. Ya ce amsoshina duk daidai ne, amma tun da na shigo ɗakin nake yi wa takalmina bayani, shi ya sa malaman suka ɗauka hadda ce kawai, ko wani ya rubuta mini. "In kin san abu, ki dube ni ki faɗa."

Ta yaya zan zuba wa sa'an kakana ido? A gidanmu ko Yaya ba na yi wa haka. Ladabin da ake yabona da shi tun ina firamare, yau shi ya kayar da ni. Za a sake mini farkon watan gobe. In na ƙara faɗuwa tallafin da ya kawo ni karatu ƙasar waje ya yanke, sai gida. Na yi kukana a banɗaki, na wanke fuska, na koma aji.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gwada haɗa ido da madubi. Aikin banza, ai ba na jin nauyin kaina.

Asabar, 11 ga Oktoba

Abokiyar ɗakina, wadda nake kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta ja ni yawon buɗe ido da ƙarfin tsiya. Wai in na zauna a ɗaki zan yi tsami. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani tsohon gidan sarauta da aka mayar gidan tarihi. Benaye, madubai, gadon da mutum goma za su kwana a kai. Sai muka shiga wani dogon zaure, bango duk zanen dattawa, kowa ya sha mur.

Ban san na sunkuyar da kai ba sai da Rediyo ta tuntsire da dariya, har tsohuwar da ke gadin zauren ta ɗora yatsa a baki.

Rediyo ta ce, "Ke, wannan fa ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanki. Ko durƙusawa za ki yi ki gaishe shi?"

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Daga nan ta zaɓo wanda ya fi kowa muni, mai jan hanci da sanda, ta tsayar da ni gabansa. Ta ce in gaya masa amfanin yashi a matatar ruwa. Jimla ɗaya na iya, idona ya gudu.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ƙafafuna ciwo. Na tura wa Umma hotunan gidan sarautar, abin da kawai ta tambaya shi ne ko rigar sanyin nan tana da kauri.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau kwalekwalen 'yan yawo muka shiga, ya bi da mu ƙarƙashin gadoji. Kowa na ɗaukar hoto, ni ina leƙen launin ruwan, ina tunanin irin wahalar da zai ba matatar ruwa. Karatu ya ɓata ni.

A babban dandali akwai wani mutumin tagulla a kan doki. Na yi masa bayanin kashe ƙwayoyin cuta daga farko har ƙarshe. Da sauƙi, tunda tattabara na zaune a kansa. Rediyo ta ce wannan bai shiga lissafi ba, idonsa ya yi sama da yawa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na haɗu da Mai Gira a ƙofar ɗakin gwaji. Idona ya kai wuyan rigarsa. Daga takalmi zuwa wuya ai an ci gaba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mura ta kwantar da Rediyo, ɗakin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Na fita ni kaɗai, karon farko, zan je hasumiyar da ake hango duk garin. Na hau bas ɗin da ba shi ba. Na tsinci kaina a wata unguwa ta gareji da manyan motoci, waya kuma ba caji.

Wani dattijo ne kaɗai a tashar da na sauka, na tambaye shi hanya. Ƙarar motoci ta hana ni jin abin da yake cewa, dole na kalli bakinsa, daga baki sai ido. Ƙasa ba ta tsage ba. Bai ga rashin kunyata ba, murmushi ma ya yi, ya raka ni har inda zan hau. Na isa hasumiyar, na hau har ƙoli ina haki. Daga can sashenmu ɗan mitsitsi ne, da ƙyar na gano rufinsa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na koma wurin mai jan hanci. Na yi masa jawabin gaba ɗaya, ido cikin ido. Ashe tsohuwar nan mai gadi na bayana tana saurare. Ta ce, "'Yata, to me ya sa ruwan famfona yake warin magani da safe?" Na juya na amsa mata. Sai da na fito na tuna ban nemi takalmina ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ci! Alhamdu lillahi.

Na zauna gaban malaman, kaina a sama. Mai Gira ya jefo tambayar da ba ta cikin littafi, kan abin da zan yi in ambaliya ta cika matatar ruwa da laka. Na dube shi na amsa. Ya yi gardama, na ce, "A'a, Malam," na kawo hujja. Ni ce na ce wa Mai Gira a'a. Girar ta ɗaga, ya ce, "To, yanzu na ga mai maganar."

Ashe idanunsa ƙanana ne, masu laushi ma. Duk wannan tsoron, gira ce kawai. Tallafina yana nan. Rediyo ta yi ta rawa a kan gado har ƙafarsa ɗaya ta goce.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mun je lambun furanni, na sayi katin hoto, ba wani labari.

Da yamma Baba ya kira ta bidiyo don ya ji yadda aka yi. Ina ta zuba, ina kwaikwayon Mai Gira, sai na lura akwai wani ɗan tabo a gefen idonsa na hagu. Na ce, "Baba, yaushe ka ji ciwo?" Ya ce tun yana saurayi yake da shi.

Idon nasa ya kawo ruwa, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kau da kai yana neman hularsa da ke kansa.

Ba wai kallonsa na yi ba. Wayar ce ƙarama, ba inda mutum zai kai idonsa.