Ɗaki Na Huɗu Ba Ya Amsawa

Ranar Talata

Zuwa ga Mamana abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar? Kina shafa man nan kuwa, ko kin sake tura shi bayan kofuna kin ce ya ɓace? Ya Yaya da matarsa da yaran? Ni lafiyata lau, alhamdulillahi.

Kin ce in daina jan labari a waya tunda kunnenki na hagu ya ƙi ba da haɗin kai. To ga takarda, ki karanta a tsanake, ki kuma daina ce wa mutane ba ki san aikin da autarki take yi ba.

Yau watana huɗu a wannan ma'ajiyar magunguna. A ƙasa akwai ɗakunan sanyi guda shida, kowanne ya fi falonki girma, cike da kwalaye har sama. Ke da kika shekara talatin kina aikin jinya, ba sai na faɗa miki abin da zafi ke yi wa allurar masu ciwon suga ba. A kowane ɗaki akwai wata 'yar na'ura mai auna sanyi, tana aiko da lamba ta waya zuwa ofishinmu da ke sama. Mu kuma muna da manhaja mai lura da duk na'urorin ginin, ɗari biyu da goma sha biyu, har da kwamfutoci da kyamarori. Kowace tana da ɗigo a babban allon bango. Kore lafiya, ja matsala. Aikina in tabbata kowa yana jin kowa. Ranar da na fara gane allon nan ba tare da na tambayi kowa ba, da ƙafa na koma gida don daɗi, ban ma ji nisan ba.

Sai dai kwanan nan ɗaki na huɗu ya so ya ba ni kunya. Haka kawai ɗigonsa zai koma ja, ƙararrawa ta hau kuka, allo ya rubuta cewa na'ura ba ta amsawa, lokacin jira ya ƙare. Kafin in gama saukowa daga bene ya koma kore, kamar yaron da ya yi ɓarna ya zauna ya naɗe hannu. Na kashe na'urar daga nan ofis na kunna. Na sauya ramin da wayarta ke shiga a akwatin haɗa wayoyi. Na duba ko wata na'ura ce ta ɗauki lambar adireshinta suke rigima, babu. Komai daidai, amma gobe sai ta sake.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Ba-Matsala saboda ko gini ne ke rushewa abin da zai fara faɗa ke nan, ya ce ya san irin waɗannan na'urori, shagwaɓa ce kawai. Manhajar tana jiran amsa na daƙiƙa talatin kafin ta yi ƙara, ya ce in mayar da shi minti biyar. Na mayar. Tun jiya shiru kake ji, allo kore shar. Har ya yaba min a gaban mutane, ya ce hannuna yana da sauri.

Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba. Akwai ɗan abin da ke min kai-kawo a zuciya, amma wataƙila sabon shiga ne kawai.

Ki gaishe min da kowa da kowa. Ki ce wa Yaya na ga hoton sabon askinsa, Allah Ya ba shi haƙuri.

Taki har kullum,
Autarki

Ranar Alhamis

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Na samu amsarki, na karanta sau uku. Kin tambaye ni, to da aka hana ƙararrawar kuka, ita na'urar ta warke ne? Mama, da kin san yadda tambayar nan ta same ni.

Kwana tara muka yi shiru. Jiya da rana ƙararrawa ta dawo, kuma wannan karon minti goma sha ɗaya ɗigon ya yi yana ja. Ashe duk kwanakin nan na'urar ba ta daina ɗaukewa ba, ni ce na toshe wa kaina kunne da hannuna.

Manhajar tana da kundi inda take rubuta duk abin da ya faru, da awa da minti, ko ta yi ƙara ko ba ta yi ba. Na buga na wata guda a takarda, shafi arba'in da wani abu, na baje a tebur na bi da jan biro. Ban ci abincin rana ba. Abin da na gani shi ne ba haka kawai take ɗaukewa ba. Takwas na safe, biyu na rana, takwas na dare, biyu na dare. Duk awa shida, kamar mai shan magani. Da farko minti biyu ne, ya koma uku, ya koma huɗu da rabi, ga shi yanzu ya yi tsalle.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zanen sanyin ɗakin da manhajar ke nunawa. Layi ne miƙaƙƙe a kan digiri huɗu, ba hawa ba sauka. Da na duba da kyau sai na gane idan na'urar ta yi shiru, manhajar tana ci gaba da nuna lambar ƙarshe da ta ji. Lambar da ke jikin ƙofar ɗakin ma daga manhajar take zuwa. Ke nan a waɗannan mintoci babu mahalukin da ya san halin da ɗakin yake ciki.

Na kai wa Ba-Matsala takardun. Ya duba, ya ce na yi ƙoƙari, amma na'urar ce ta tsufa. Zai sa a kawo sabuwa nan da mako biyu, kafin nan in cire ɗaki na huɗu daga jerin masu ƙara don mutane su samu su yi aiki. Ba mugun mutum ba ne, Mama, abubuwa ne suka yi masa yawa, kuma sau da yawa maganarsa tana zama daidai. Amma na kasa cewa to. Na roƙe shi ya ba ni kwana ɗaya. Ya kalle ni ta saman kofin shayinsa, ya ce kwana ɗaya ba matsala, amma in ban samo komai ba in cire da hannuna, kada kuma in sake tayar da zancen. Kin san wata shida ake gwada sabon ma'aikaci, kuma shi zai sa hannu a takardata.

Daga nan na sauka ƙasa wurin dattijon da ke riƙe da ɗakunan, Mai Makullai. Shekararsa goma sha tara a nan, bai taɓa hawa ofishinmu ba, ya ce sanyin namu na ƙarya ne. Na tambaye shi me ke faruwa a ɗaki na huɗu duk awa shida. Bai ko yi tunani ba ya ce ai lokacin ne injin ke narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikinsa, akwai ɗan hita a ciki da ke kunna kansa. Ya ce kowa ya san wannan. Na ce masa mu na sama ba mu sani ba. Ya yi dariya har makullansa suna kaɗawa.

Gobe kafin ƙarfe biyu zan shiga ɗakin da ma'aunin zafi na hannu in zauna in gani da idona. Ran Litinin za a loda kayan ɗakin zuwa ƙananan asibitoci sittin da wani abu. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaida Yaya da iyalinsa.

'Yarki mai kewarki,
Auta

Ranar Laraba

Mamana, abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ki yafe min jinkirin amsa, sai yau na samu na zauna. Ki gyara zama, ki sa tabarau.

Ran Juma'a biyu saura kwata Mai Makullai ya ara min rigarsa ta sanyi, wadda ta sauko min har gwiwa, ya kawo min kujerar roba, ya ce zai tsaya a bakin ƙofa kada in daskare a ce shi ne. Na zauna tsakanin kwalaye, ma'auni a hannu, rediyon hannu a cinya don in ji abin da allo ke nunawa a sama.

Biyu daidai fankar injin ta tsaya. Ma'aunina yana kan huɗu. Bayan 'yan mintoci na fara jin ɗis, ɗis, daga bayan kantar kwalaye ta sama. Na hau tsani na janye kwali biyu. Bututun da ya kamata ya fitar da ruwan ƙanƙara waje ya tsage, ruwan yana bin bango yana sauka daidai kan soket ɗin da wayar na'urar ke shiga. Soket ɗin ya yi kore da tsatsa. A daidai lokacin aka kira ni daga sama aka ce ɗigo ya koma ja.

Na samu amsata ke nan, kuma har na fara murna. Sai na kalli ma'aunin. Bakwai. Kin fi ni sanin cewa takwas ce iyaka. Na tsaya a kan tsanin ina kallonsa, takwas, tara, goma sha ɗaya. Hitan da ya kamata ya kashe kansa bai kashe ba. A can sama kusa da injin har ɗumi nake ji a kumatuna. Na leƙa ƙofa, lambar jikinta tana nan a kan huɗu, ko gezau.

Ban san lokacin da na sauko ba. Mai Makullai ya kashe injin daga waje, ni kuma na haura bene da gudu cikin rigar nan, na wuce ofishinmu, na faɗa ofishin shugabar masu harhaɗa magani ba ko sallama. Mace ce da kowa ke shakka, ban taɓa yi mata magana ba. Na ajiye ma'aunin a kan teburinta. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta tambayi wane ɗaki, ta miƙe.

Cikin minti arba'in muka kwashe kwali ɗari uku da sittin zuwa ɗaki na biyu da na biyar. Direbobi, masu shara, 'yan ofis, kowa ya sa hannu, aka yi layi ana miƙawa. Ba-Matsala yana tsakiyar layin, ya naɗe hannun riga, kuma ranar ko sau ɗaya ban ji ya faɗi kalmar tasa ba. Mai gyaran injin da ya zo da yamma ya ce abin da ke kashe hitan ne yake mutuwa a hankali, da an ƙara kwana biyu ko uku hitan zai kunnu ya ƙi kashe kansa gaba ɗaya, wataƙila a ƙarshen mako lokacin da ba kowa.

Ba duka aka tsira da su ba. Kwali ashirin da shida na kantar sama, shugabar ta ce ba za ta yarda a yi wa ɗan kowa allura da su ba, aka ware su za a lalata. Ta bi takardu ta tabbatar babu ko ɗaya daga kantar nan da ya fita tun da matsalar ta fara.

Ran Litinin aka kira taro. Da aka zo kan yadda aka yi kwana tara ba ƙararrawa, na miƙe na ce ni na ƙara lokacin jiran, da hannuna. Ban gama zama ba Ba-Matsala ya tashi ya ce, "Ni na sa ta. Kuma da ta bi maganata karo na biyu, da yau ba wannan taron muke yi ba." Wallahi Mama ban zaci haka daga gare shi ba, kuma girmansa ya ƙaru a idona.

Shugabar ba ta yabi kowa ba, ba halinta ba ne. Ta ce daga yau ba a sake taɓa lokacin jiran ɗakunan sanyi sai da sa hannunta, kuma ni zan bi duk saƙonnin manhajar ɗaya bayan ɗaya in gyara yadda suke aiki. Na fara tun jiya. Yanzu idan na'ura ta yi shiru, zanen yana yankewa ya bar gurbi, ba ya ƙirƙiro lamba. Na sa sabuwar waya da soket mai murfi, nesa da bututu. Na kuma gano manhajar tana barin mutum ya rubuta saƙon da kalmominsa, sai na goge wancan dogon zancen na lokacin jira, na rubuta: Ɗaki na huɗu ya yi shiru, ba mu san sanyinsa ba, tashi ka je ka duba. Haka na yi wa duka shidan.

Da safen nan muka gwada. Na sa Mai Makullai ya zare wayar da gangan, sannan na lallaɓe shi ya hau bene, karo na farko a shekara goma sha tara. Ya tsaya gaban allon yana haki, ya karanta a hankali yana bin layin da yatsa. Ya juyo ya ce min, "To, yanzu injin naku ya koyi magana." Ya sauka ya mayar da wayar, ɗigon ya koma kore.

Motocin sun tashi jiya maimakon Litinin. Na tsaya a bakin ƙofar lodi har ta ƙarshe ta fita. Kafin a rufe ta na ɗora tafin hannuna a kan wani kwali, sanyi ƙalau. Ban san waɗanda za a yi wa allurar ba, su ma ba za su taɓa sanina ba, amma Mama, ban taɓa jin na cika mutum kamar lokacin nan ba.

Ki gaishe da Yaya da matarsa, ki shafa min kan yaran. Ina nan tafe ƙarshen wata in sha Allahu. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Taki har abada,
Autarki