Tulun da ruwa ya tono a kufai

Zuwa ga ƙanwata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Salularki ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan. Duk wanda ya san inda kike, don Allah ya sanar da ke.

Ruwan shekaranjiya ya zaftare gefen kwazazzabon kufai, bayan gonarmu. Wuyan wani tulu ya fito, da zanen igiya kewaye da shi. Ina jin shi ne abin da kika ce binciken doktoranki na jira: tulu cikakke, zaune inda masu shi suka bar shi.

Ranar da kika hau kabu-kabu za ki koma jami'a kin ce mini, "Yaya, kome ka gani kar ka ɗaga. In ya bar wurinsa ya daina magana." Ban ɗaga ba. Na yi foto ta gabas da ta yamma, na ajiye takalmina kusa don a gane girmansa. Ko haka ake yi? Ni dai a kolej karatuna ya tsaya.

Amma kin san Gwaggo. Tun muna yara can take tsintar tsingaro, ta daka, ta gauraya da yumɓu don kada randa ta fashe a wuta. Ke ce ma mai riƙe mata kwando. Da wannan dakan aka kai ki lakwal, wato makarantar boko. Jiya ta iso da kwandonta, na tare ta. Ban taɓa tsayawa gabanta ba sai jiya. Ta ce, "Kai ne sabon mai gadin matattu? Kakanni don foto suka bar shi?"

Ga hadari yana haɗuwa duk la'asar. In na bar tulun, ruwa ya tafi da shi. In na ɗaga na ɓata miki wahalar shekaru.

Yau da safe na tarar Gwaggo ta kife sabuwar randarta a kan tulun, ta tara ƙasa kewaye. Abin da ta ce kawai, "Ranar kasuwar Maijirgi zan ɗauki randata. Ka gaya wa Dije."

Dijen Gwaggo, ki yi magana kafin ranar. Gero na son ruwa, ba zan iya roƙon a jinkirta shi ba. Allah ya zuba shi a gonaki, ya kautar da shi daga kufai, ya dawo mana da ke lafiya.

Yayanki,
Salisu