Haƙorin Gaba da Makulli na Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Na faɗi a banɗaki da safe. Santsi ne ko jiri, ban sani ba. Bakina ya daki gefen kwamin wanke hannu, haƙorin gaba na sama ya ɓalle kaɗan, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na daɗe kwance a ƙasa ina kallon bututun ruwa kafin ƙafafun su yarda su ɗauke ni. Guntun na tsince shi na sa a kwalin ashana. Me zan yi da shi, oho.

Talata, 4 ga Maris

Harshe ya ƙi barin wurin. Kaifi gare shi kamar fasasshen kofi.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yata Auta za ta zo ranar ashirin da biyu ga wata. Bara da na zame a matakala ta ce, "Baba, idan aka sake, ba shawara, tattara ka zan yi mu tafi." Ba ta wasa, halin uwarta ta ɗauko kaf. Gidanta hawa na bakwai ne, a garin da ban san kowa ba. A nan kuwa kujerar marigayiya tana inda ta bar ta, kuma na san kowace ƙofa da kukanta.

Kumburin leɓe zai sauka kafin ta zo. Haƙori ne ba ya sake tofowa.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta kira ta waya mai hoto, kamar kowace Lahadi. Na ɗaga wayar sama.

"Baba, goshinka kawai nake gani."

Na ce ai nan hankalin yake. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Bayan ta kashe, shirun ɗakin ya fi na kullum nauyi.

Talata, 11 ga Maris

Na je wurin likitar haƙori da ke bayan tashar bas. Yarinya ce, ba ta kai Auta ba. Ta kwantar da ni a kujerarta, ta haska fitila, ta lissafa mini hanyoyin gyara. Na rubuta su a bayan katin, don kaina ya fara yoyo.

Ko dai ta goge kaifin ya yi sumul. Minti goma, babu allura, amma haƙorin zai ɗan gajarta, mai ido zai gane. Ko ta yi ciko da wani abu mai launin haƙori, ta siffanta shi, ta busar da shi da shuɗiyar fitila. Zama ɗaya, ba wanda zai sani, sai dai yakan ɓalle bayan wasu shekaru. Ko a manna wa fuskar haƙorin siririn tangaran, amma sai an kankare lafiyayyen wuri, kuma zuwa biyu ne. Akwai kuma hula da ake rufe haƙorin duka da ita. Ta ce wannan kashe sauro ne da guduma.

Na ce cikon nake so. Bayan wasu shekaru ai sai mu ga wanda zai riga ɓallewa, ni ko shi.

Ta ɗauko wani allo mai jerin haƙoran roba tana gwada launi. Ta ce, "Baba, duk farin da nake da shi ya fi naka fari." Na ce shayin shekara sittin ne, ba a sayar da irinsa.

Sai ta tambayi yadda aka yi. Na ce ƙashi na ciza.

Ta ɗaga leɓena da yatsa, ta duba. "Ƙashi ba ya barin tabo a nan, Baba. Haƙorin zan gyara. Abin da ya kayar da kai, shi ba a kujerar nan ake gyara shi ba."

Ta ba ni Alhamis ta makon gobe.

Laraba, 12 ga Maris

Shekara talatin da ɗaya na yi a maɗaba'a ina gyaran kurakurai kafin a buga. Gwanin aikin shi ne wanda mai karatu bai san ya taɓa shafin ba. To, wannan ma haka.

Asabar, 15 ga Maris

Ban yi magana da kowa ba yau. Na gwada murya da yamma, tana nan.

Litinin, 17 ga Maris

Mai ɗinkin da ke ƙasana ta hau ta kawo mini wandon da na ba ta ta rage wa ƙugu. Na karɓa ina rufe baki da hannu kamar mai tari. Ba ta juya ba, ta tsaya a bakin ƙofa da tef a wuya.

"Malam, ran nan na ji abu ya faɗi a samana. Na hau na ƙwanƙwasa har hannuna ya yi zafi."

Na ce ƙila barci nake.

"Da famfo a kunne?"

Na ji ta ranar. Tabbas na ji ta. Ina kwance a ƙasa, babu riga, jini a haɓa, na riƙe numfashi don kada ta san ina ciki. Ko a littafin nan ban rubuta ba sai yau.

Ta ce, "Mahaifina haka ya yi mana. Kwana biyu kafin mu ɓalle ƙofa." Ta sauka, ba ta jira amsa ba. Har magariba ina jin keken ɗinkinta yana tafiya, yana tsayawa.

Talata, 18 ga Maris

Jirin ya dawo ina tashi daga kujera. Na dafa bango ya wuce. Ba komai ba ne.

Na buɗe kwalin ashanar na duba. Ɗan abu haka.

Alhamis, 20 ga Maris

Likita ta shirya komai, launin da ta haɗa mini yana kan tire. Ina kwanciya na ji bakina yana cewa ta goge kaifin kawai.

"Baba, za a gane fa."

Na ce harshena ne ya dame ni, ba idon mutane ba. Ta dube ni ta saman abin rufe hancinta, sannan ta goge kaifin. Ko minti goman bai kai ba. Da zan fita ta rubuta mini sunan wani likita da zai duba jirin. Na sa takardar a aljihu, don kada ta ji ba daɗi.

Juma'a, 21 ga Maris

Gobe Auta. Na share ɗakin baƙi, na huta sau uku.

Makullin gida na biyu yana wurin mai ɗinki tun jiya. A wurina ɓata zai yi, shi ya sa. Takardar likitan kuma na ajiye ta a kan tebur, ƙarƙashin kwalin ashana, inda iska ba za ta ɗauke ta ba. Wurin da Auta take ajiye jakarta ne, amma babu wani wurin.

Na gwada murmushi a madubi. Haƙorin ya gajarta kaɗan. Idon uwarta gare ta, tun daga bakin ƙofa za ta gani.

Na dafa ruwan shayi na mutum biyu yau, bisa kuskure. Tunda ya dahu, bari in sauka ƙasa da shi.