Wa Zai Tsallako da Nas?

Tsibiri, farkon Satumba

Yayata Maxine,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar taki? Ya jikoki, ya hayaniyar Baltimore? Mu ma muna nan, mun gode Allah.

Na san Charlene ta riga ta buga miki waya, don 'yar nan tawa magana ba ta kwana a cikinta, to bari ki ji daga bakina. Likita ya ce zuciyar Elwood ta gaji, babu sauran aikin da za a yi mata. Abin da ya rage shi ne a samo masu jinyar ƙarshe, waɗanda ke zuwa gida su sauƙaƙa wa mutum ciwo da sarƙewar numfashi har lokacinsa ya yi. Amma likitan ya kafa sharaɗi: in babu ƙungiyar da za ta yi alkawarin turo nas tsibirin nan duk sa'ad da aka kira, dole a kai shi gidan jinya a garin Salisbury, can ƙetaren ruwa. Kin dai san mijin ƙanwarki. Nan take ya ɗora hularsa ya ce a tsibiri aka yanke masa cibiya, kuma ba zai je ya mutu a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci ba. Ni kuwa na san in aka tsallaka da shi baƙin ciki zai riga ciwon kai shi kabari.

Kada ki ɗauka zaman makoki muke. Rabon gidan nan da dariya irin ta makon nan tun bikin Charlene. Ta zo da kwamfutarta, ta ture min kwanon fulawa ta baje a teburin kicin, ta buɗe shafin gwamnati inda ake jera ƙungiyoyin nan ana ba su taurari. Uku ne suka ce suna aiki a yankinmu. Ta yi ta karanto mana: wacce ce iyalai suka ce tana zuwa a kan lokaci, marasa lafiya nawa ke hannun nas ɗaya, wacce ke turo nas Asabar da Lahadi, wacce ce ma'aikatanta ba sa daɗewa suke ajiye aiki. Elwood yana kujerarsa da robar iska a hanci, sai tsoma baki yake, wai ko da ya zo neman aurena Baba bai bincike shi haka ba. Na ce masa da ya bincika ai da yanzu matar limamin coci ce ni.

Mai taurari biyar muka fara kira. Wani saurayi mai daɗin murya ya ɗauka, ya ce ko wane lokaci muka kira, nas za ta iso ƙofar gidanmu cikin sa'a guda, don motocinsu a shirye suke. Elwood ya miƙo wuya wajen wayar ya ce, "Ɗana, motar taku ta iya iyo ne?" Ashe yaron lambar gidan wayarmu kawai ya gani, bai san akwai ruwa tsakaninmu da su ba. Ya ce zai bincika ya kira mu. Bai kira ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Ta biyu babba ce, ma'aikata kamar me. Suka turo wata mata a jirgin ruwan da ke kawo wasiƙu, mai kirki da gaskiya. Ta ci kek ɗina mai hawa goma har yanka biyu, sannan ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa kowace nas tasu marasa lafiya sun yi mata yawa, sau ɗaya a mako za ta iya biyo jirgin. In abu ya taso a tsakani, sai shawara ta waya, in ya tsananta a kira jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti. Elwood ya ce mata abin da yake gudu ke nan. Na raka ta bakin ruwa muna hira kamar tsofaffin ƙawaye.

Saura ɗaya, 'yar ƙarama mai taurari huɗu. Charlene ta so ta wuce ta, sai ta hango wani layi a ƙasa: a wajen ziyartar mara lafiya a kwanakinsa na ƙarshe, ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba, kuma nas ɗinta sun fi ƙarancin marasa lafiya. Za su turo mutum mako mai zuwa. Ki sa mu a addu'a, Yaya, ita ce kaɗai ta rage mana.

A gaida maigidanki Harlan da yara. Elwood ya ce a gaya miki har yanzu kek ɗina ya fi naki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Verlene

Tsibiri, ƙarshen Satumba

Yaya Maxine,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna lafiya ke da iyali. Takardarki ta iso tare da safar da kika saƙa, Elwood ya ce ta yi masa kaɗan amma ya ƙi cirewa. Ya jikin Harlan da murar?

Zauna ki sha labari. Sunanta Odessa Whittington, doguwa, ta haura hamsin, ta daɗe tana aikin nan. Ranar da ta zo ruwa yana ɗan motsi kaɗan, abin da ko jikanyarki ba za ta ji ba, amma baiwar Allah nan ta sauko daga jirgi tana tangaɗi, ta amayar da duk karin kumallonta a hanya. Na ce a raina shi ke nan, wannan ba za ta sake dawowa ba. Sai ta kurkure baki, ta wanke hannu, ta ja kujera gaban Elwood. Ba ta fara da takardu ba. Ta tambaye shi me yake tsoro, me yake so, a wane ɗaki yake son gadonsa. Mutumin da na yi shekara hamsin da ɗoriya ina jan magana daga bakinsa, sai ga shi yana zuba. Ni har kishi ya so ya kama ni.

Charlene ta jero mata tambayoyinta, ta amsa duka, har wadda ba ta yi musu daɗi ba. Ta ce sun rasa tauraro ɗaya ne a shekarar da nas biyu suka ajiye aiki a tare, iyalai suka yi ƙorafin jira, kuma ƙorafin gaskiya ne. Sannan ta zo kan abin da ke gabanmu. Ita a shirye take ta zo kowane lokaci, ko da za ta amayar da hanjinta, amma shugabarsu ba za ta karɓi Elwood ba sai an tabbatar mata akwai jirgin da zai ɗauko nas daga Crisfield, garin da ke ƙetaren ruwa, duk lokacin da aka kira, ba jirgin wasiƙu mai zuwa sau ɗaya a rana ba.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, tsibiri cike yake da kwale-kwalen masu kamun ƙaguwa. Nan fa tsohon ya tubure. Shi bai taɓa roƙon kowa ba, ba kuma zai sa mutum ya bar tarkunansa a tsakiyar kakar ƙaguwa saboda shi ba. Ya hana ni faɗa wa kowa. Na ce to. Washegari na tafi rumfar da muke ɓare ƙaguwa, ban faɗa wa kowa ba sai ƙawata Hazel, ita ma na ce kada ta faɗa. Kafin la'asar maganar tana yawo a rediyon jiragen ruwa.

Kin tuna mijin Hazel, Kyaftin Dulany Bradshaw, wanda suke faɗa da Elwood kan wurin dasa tarko tun suna samari? Shi ya fara zuwa, ko takalmin robarsa bai cire ba. Elwood ya ce masa ba ya buƙatar alfarmar kowa, balle tasa. Dulany ya ce, "Kai tsoho, wa ya ce don kai nake yi? In ka mutu a can, ni za a sa in ɗauko gawarka. Gara in ɗauko nas, ta fi ka kyan gani, kuma ba ta kai ka nauyi ba." Elwood ya yi dariya har sai da na ƙara masa iska.

Ran Lahadi Odessa ta dawo tare da shugabar tasu, wata 'yar siririya mai tabarau wadda ba ta yarda da alkawarin baki. Dulany ya ce a kai ta coci. A lokacin nan da aka saba kowa ya tashi ya ba da shaidar alherin da Allah ya yi masa a mako, sai Dulany ya miƙe ya ambaci sunan jirginsa, ya ce yana nan dare da rana, ya zauna. Wani ya tashi ya kira sunan nasa. Haka suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna, har da wani ɗan gidan Marshall da injinsa bai cika tashi ba. Na juya na ga matar ta cire tabarau tana goge ido. Kafin su hau jirgi ta ce a kawo gadon asibiti ran Talata.

Yaya, Elwood zai zauna a gida. Na rubuta na sake karantawa don daɗi. An sa gadon a falo, jikin tagar da ke kallon mashigar jirage, yana kwance yana kushe yadda kowa ke tuƙi. Odessa tana zuwa sau biyu a mako, ta koya min auna maganin numfashi, kuma har yanzu ba ta taɓa tsallakowa da abincinta a ciki ba.

Ki gaida kowa da kowa. In gwiwa ta bari, ki zo ki gan shi yana mulki.

Taki har kullum,
Verlene

Tsibiri, watan Nuwamba

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata sanyin nan bai tayar miki da gwiwa ba. Na ji daɗin muryarki a waya, amma ranar mutane sun cika gida, ban faɗa miki yadda abin ya kasance ba. Kada ki damu da rashin zuwanki, ya sani sarai ba ki iya hawa jirgi yanzu.

Da safiyar Alhamis numfashinsa ya sarƙe, maganin da na ba shi bai kama ba. Iska kuwa tana kaɗawa har mai jirgin wasiƙu ya ce ba zai fita ba. Na kira Odessa, ta ce ga ta nan ta kama hanyar Crisfield, in samo mata jirgi. Ban ma gama magana a rediyo ba Dulany ya amsa, wasu biyu suka ce za su bi shi a baya ko da wani abu. Na zauna ina riƙe da hannun Elwood ina kallon ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba.

Wajen azahar suka shigo mashiga. Odessa ta jiƙe sharkaf, da ƙyar take tsayuwa, amma jakarta a bushe, ta rungume ta a cikin riga. Ta canza masa magani, ta gyara masa kwanciya, a hankali ƙirjinsa ya lafa. Da ya buɗe ido ya ga Dulany a bakin ƙofa yana ɗigar ruwa, sai ya ce, "Na ga yadda ka ɗaure jirgin nan. Har yanzu ba ka iya ba." Dulany ya ce ya tashi ya nuna masa mana. Daga nan ya fita baranda, na ji shi yana fyace hanci.

Odessa ba ta koma ba, ta kwana biyu a ɗakin Charlene. Elwood ya sha miyar ƙaguwa cokali uku, ya yi waƙar coci da matan rumfa da suka zo, duk da muryar ba ta fita sosai. Ran Asabar da hantsi, rana ta fito, ruwa ya kwanta, Charlene tana gefe ɗaya ina ɗaya gefen, ya tafi cikin barci ba wahala.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, kuma gadon nan da aka zo aka ɗauke ya bar falo fayau. Amma zuciyata fari ƙal take, Yaya. Abin da ya roƙa ya samu. Masu jiragen nan su suka ɗauke shi a kafaɗa daga ƙofar gida zuwa maƙabartar bayan coci, tafiyar ƙafa, Dulany a gaba. Ba a tsallaka ruwa da shi ba.

Ki gaida Harlan da yara, ki gode musu da furanni. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Verlene