Na Ce Wa Yayana Fim Ɗinsa Na Biyu Ya Fi Na Farko

Malama, don Allah ki taimake ni. Na yi wa yayana ƙarya, ranar Juma'a kuma asirina zai tonu.

Bara Yaya Muhyiddeen ya ɗauki fim ɗin barkwanci da wayarsa a gidanmu a Toranke, labarin 'yan gida ɗaya da kowa ke zille wa cirar gyaɗa. Gwaggo Haulat ce uwar yaran. Ba ta haddace komai ba, faɗanta na kullum ta yi, har masu tura fim a kasuwar Ajingi suka san ta. Kawu Tukur kuma ya zamo daga amalanke da gaske, aka bar wurin a cikin fim ɗin.

Bana ya yi na biyu, da kyamara da 'yan wasa daga Kano. Hoto ya fito tas, magana ana ji, ba kamar na farko da kukan awaki ya danne rabinsa ba. Amma sau huɗu ake faɗowa daga amalanke, Gwaggo kuwa sau ɗaya ta leƙo. Na kunna wa matan gida muna ɓarar gyaɗa. Wuri ɗaya aka yi dariya, inda jarumin ya tumɓuke wake yana murnar gyaɗa ta yi 'ya'ya. Shi Yaya bai ma lura wake ne ba, tun yana yaro yake gudun gona.

Da ya tambaye ni, kunya ta sa na ce ya fi na farko. Juma'a zai haska shi a Gaya, ya gayyaci kowa. Yaya zan yi?

Ƙanwar Darakta, Toranke

Ƙanwata, da yawa suna ɗauka na biyu shi ne a ninka abin da ya ba da dariya a na farko. Kawu ya ba da dariya ne don ba wanda ya zata, har shi kansa. A karo na huɗu tausayin amalanken ake ji.

Yayanki ya ci gaba, ki fara da wannan, domin gyara hoto da murya ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan ki ce masa kunya ta hana ki ƙarasa magana. Ki same shi shi kaɗai, yau, kada ki kai Alhamis. Ya rage faɗuwar zuwa ɗaya, ya lallashi Gwaggo ta dawo. Waken kuma kada ya yanke. Ya ɗauki Gwaggo tana kallon jarumin tana faɗin ra'ayinta.

In ya yi musu, ki zaunar da shi bayan matan gida, ki kunna, ki yi shiru. Zai ji haushi kwana biyu, amma gara ya ji a tsakar gida. Ki gwada, Allah ya daidaita ku, ya sa Gaya ta yi dariya inda aka nufa.